Katifar Dare Biyar: Abin Da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Sani Kafin Ya Saya

A unguwannin da ke kewaye da Abuja, daga Mararaba da Nyanya zuwa Kubwa, Lugbe da Suleja, akwai wani irin ɗaki da duk wanda ya yi aikin gwamnatin tarayya ya san shi. Ɗaki ɗaya ne, ko ciki da falo. Akwai akwati a lungu, da 'yar fanka, da sallaya, da kayan zuwa ofis rataye a ƙusa, sai katifa a ƙasa. Mai ɗakin yana da gidansa na sosai a Kano, ko Katsina, ko Bauchi, inda iyali suke, inda kuma aka kafa gado na alfarma da katifa mai kyau. A can yake kwanan Juma'a da Asabar idan ya samu zuwa. Sauran dare biyar na mako kuwa a kan wannan ta ƙasan yake yin su, wadda ya saya cikin gaggawa makon da ya kama aiki, da niyyar kafin a ga abin da hali zai yi. Yau shekara bakwai ko takwas ke nan.

Mutumin nan yakan tashi tun kafin asuba domin ya riga cunkoson hanyar Keffi ko ta Kubwa, ya isa Sakatariya kafin ƙarfe takwas. Idan ya miƙe sai ya ji ƙugunsa ya riƙe, wuyansa ya sage. Zai ɗora laifin a kan kujerar ofis, ko zaman mota, ko shekaru. Da wuya ya waiwayi kwarin da ya faɗa a tsakiyar katifarsa, wanda jikinsa ke gangarawa cikinsa kowane dare.

Likitocin barci suna ba babban mutum shawarar ya samu barcin awa bakwai zuwa sama a kowane dare. Wato kusan sulusin rayuwa a kwance ake yin shi. Babu wani kayan gida, ko kujera ce ko talabijin, da jiki ke daɗewa a kansa kamar katifa, amma ita ce aka fi saye da ka. A shiga shago, a danna ta da tafin hannu, a dubi kaurinta da kyan yadinta, a yi ciniki, a ɗora a mota. Abubuwan da ido da tafin hannu ke iya gani su ne mafi ƙarancin amfani wajen sanin katifar da za ta daɗe. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau a ɓoye yake cikin soso, kuma hanya biyu ce ta gano shi: sikeli da kwanciya.

Daga rimi zuwa soso

Kalmar katifa kanta daga Larabci Hausa ta aro ta. Kafin zuwan soso, abin da aka sani shi ne tabarma, da buzu, da gadon kara, sai katifar da ake ɗurawa da audugar rimi ko ta gona. Irin wannan idan ta kwanta sai a farke ta, a shanya, a buge audugar, a mayar a ɗinke. Mai gida ya san abin da ke cikinta domin a gabansa aka ɗura.

Soson da ya maye gurbinta ɗan sinadari ne. A shekarar 1937 wani masanin kimiyya Bajamushe, Otto Bayer, da abokan aikinsa suka gano hanyar haɗa sinadarin da ake kira foliyuretan, wanda daga gare shi ake yin soson katifa da na kujera har yau. Ana haɗa ruwan sinadarai guda biyu, a ƙara ruwa kaɗan da wasu abubuwan, sai haɗin ya kumbura kamar ƙullin burodi, ya daskare ya zama ƙaton dunƙule, a yanka shi gwargwadon girman da ake so.

A Nijeriya, manyan sunaye biyu da aka fi sani a wannan sana'a sun haura shekara sittin. Tushen kamfanin Mouka a Kano yake, inda iyalan Moukarim suka kafa masana'antar kayan katako da gadajen ƙarfe a 1959, kafin su koma yin soso a Legas. A 2021 kamfanin Dolidol na ƙasar Maroko ya saye shi. Vitafoam kuwa an kafa shi a 1962, ya shiga kasuwar hannun jari a 1978. Bayan waɗannan akwai wasu kamfanoni masu yawa, manya da ƙanana, a Legas, Kano, Kaduna, Aba da sauran garuruwa. Kowane babban kamfani yana yin katifa hawa-hawa, daga ta ɗalibai mai sauƙin kuɗi zuwa ta otal. Saboda haka sunan kamfani shi kaɗai bai faɗa wa mai saye komai ba, sai ya san wane aji ne daga cikin kayan kamfanin aka miƙo masa.

Su kuma manyan sinadaran nan guda biyu daga waje ake shigo da su, da dala. Wannan ne ya sa farashin katifa yake bin dala sawu da ƙafa. Lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira ɗari huɗu da sittin da 'yan kai ta haura naira 1,500 cikin 2024, kuma katifa ta bi ta. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma katifa mai kyau ta mutum biyu ta zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Idan kaya suka yi tsada irin haka, abu biyu kan faru: mai saye ya koma neman mai araha, marasa tsoron Allah kuma su samu kasuwa.

Kauri daban, tauri daban, nauyi daban

Akwai siffofi uku na katifa da mutane kan cakuɗa su wuri guda.

Na farko kauri. Shi ne ake aunawa da inci: inci shida, takwas, goma, goma sha biyu, har ashirin. Shi ido ke fara gani, shi ne kuma ake alfahari da shi a ɗakin amarya. Amma soso marar ƙarfi mai inci goma sha huɗu zai lotsa ya bar mutum a rami, alhali mai ƙarfi na inci takwas yana nan daram. Ga babban mutum, inci takwas zuwa goma na soso mai inganci ya wadatar. Abin da ya ƙaru a kan haka yawanci ado ne, kuma yana sa gado ya yi tsawon da tsoho ko mai juna biyu za su sha wuyar hawa.

Na biyu tauri, wato yadda katifa ke ture jiki idan an hau ta. Wannan shi ne abin da tafin hannu ke ji a shago. Masana'anta na iya sa soso marar nauyi ya yi tauri ta hanyar sauya ma'aunin sinadarai, ya ji kamar dutse ranar da aka saye shi, bayan shekara guda ya saki.

Na uku, wanda shi ne ginshiƙi, nauyin soso, abin da 'yan kasuwa ke kira dansiti. Ma'anarsa kilo nawa ne a cikin dunƙulen soso mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya kauri. Soso iska ce da sinadari. Idan sinadarin ya yi yawa sai nauyin ya ƙaru, bangon ƙananan ramukan da ke cikinsa ya yi ƙwari, ya daɗe yana lotsawa yana dawowa. Idan iska ta fi yawa, sai ya yi sauƙin kuɗi, ya kuma yi saurin mutuwa. Soson da bai kai kilo 20 ba na ɗakin baƙi ne ko na yara. Wanda babban mutum zai kwanta a kai kullum, ya kamata ya doshi kilo 30 ko ya haura, musamman idan mai jiki ne ko kuma mutum biyu ne za su hau.

Mai saye na iya yin wannan lissafi da kansa. Katifar da ake kira shida-da-shida yawanci inci 75 ce a tsawo, inci 72 a faɗi. Idan kaurinta inci takwas ne, girman sosonta ya kai kusan kashi bakwai cikin goma na wancan dunƙule. Ke nan idan dansitinta 20 ne, za ta yi nauyin kilo 14. Idan 30 ne, za ta yi kilo 21, ban da nauyin yadi. Ɗan sikelin rataye da ake auna jakar tafiya da shi ya isa ya fayyace gaskiya. Ko babu sikeli, ɗaga katifa biyu masu girma ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, zai nuna bambancin.

Sai dai akwai wani hanzari. Wasu masu yin soso sukan zuba garin farar ƙasa a cikin haɗin domin ya ƙara nauyi a kan kuɗi kaɗan. Irin wannan soso yana da nauyi amma ba ya da juriya. Idan an matse shi yakan yi jinkirin dawowa, daga baya kuma ya riƙa marmashewa. Don haka sikeli na iya kore katifa marar nauyi, amma bai isa shi kaɗai ya wanke mai nauyi ba. Sai an haɗa da takardar garanti da sanin inda kayan suka fito.

Shin mai tauri ce maganin ciwon baya?

An daɗe ana gaya wa mai ciwon baya ya nemi katifa mafi tauri, ko ma ya koma kwana a ƙasa. Wannan ya sa kasuwar katifar da ake kira otofedik ta buɗe a Nijeriya. Yawancinta ana yin ta ne da gutsattsarin soso da aka niƙa, aka haɗa da gam, aka matse da inji har ya zama dunƙule mai nauyi da tauri. Tana daɗewa ƙwarai, kuma tana ɗaukar mai nauyin jiki. Amma sunan nata sunan kasuwa ne, ba likita ne ya rubuta shi ba.

A watan Nuwambar 2003, mujallar likitanci ta The Lancet ta buga sakamakon wani bincike da Dakta Francisco Kovacs da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Sifen. Sun ɗauki mutum 313 masu fama da daɗaɗɗen ciwon ƙugu wanda ba a gano wata cuta ta musamman da ta haddasa shi ba, suka raba musu sababbin katifu ta hanyar ƙuri'a: wasu masu tauri sosai, wasu masu matsakaicin tauri. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan masu matsakaicin tauri sun fi samun sauƙin ciwo a kwance, sun kuma fi iya gudanar da harkokinsu na yau da kullum.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙashin bayan ɗan Adam ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda, yana da lanƙwasa a wuya da ƙugu. Idan mutum ya kwanta ta gefe, kafaɗa da kwatangwalo su ne suka fi fitowa, kuma suna bukatar su ɗan nutse domin gadon baya ya tsaya a saiti. Katifa mai tsananin tauri ba ta barin su nutse, sai ƙugu ya rataya a iska, kafaɗa ta danne, hannu ya yi sanyi, mutum ya kwana yana juyi. Mai tsananin laushi kuma takan bar ƙugu ya zurma, jiki ya lanƙwashe kamar wanda ya kwana a cikin kwarya. Abin nema shi ne wadda za ta karɓi kafaɗa da kwatangwalo, ta kuma tallafi abin da ke tsakaninsu.

Tauri kuwa gwargwadon jiki ne. Katifar da mai kilo 60 zai ji ta kamar siminti, mai kilo 100 zai ji ta daidai. Mai kwanciyar gefe ya fi bukatar ɗan laushi a sama. Mai kwanciyar rigingine ko rubda ciki ya fi bukatar tauri. Idan miji da mata sun bambanta sosai a nauyi, gara a zaɓi ƙasa mai ƙarfi, a ɗora shimfiɗar soso mai laushi ta inci biyu a sama.

Ya kamata kuma a san iyakar katifa. Ciwon da ke sauka ƙafa da jin kamar tafiyar kiyashi, ko raunin ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi da rama, duk ba matsalar shimfiɗa ba ce. Ma'aikacin tarayya yana da inshorar lafiya ta hukumar NHIA; ya fara zuwa asibiti kafin ya je kasuwa.

Ire-iren da ke kasuwa, da zafin Abuja

Bayan soso zalla da otofedik, akwai katifa mai sifirin. Iri biyu ce: wadda aka sarƙe wayoyinta da juna, da wadda kowane sifirin yake cikin aljihunsa na yadi, fasahar da James Marshall ya yi wa rajista a 1900. Ta farkon idan mutum ɗaya ya juya duk gadon ya motsa. Ta biyun ba ta haka, don haka ta fi dacewa da gidan da ɗaya ke tashi ƙarfe huɗu da rabi ya bar ɗaya yana barci. Katifar sifirin iska na ratsa cikinta, ta fi soso sanyi. Aibinta nauyi da rashin lanƙwasuwa, kuma idan yara suka mayar da ita filin tsalle ba ta daɗewa.

Akwai kuma soso mai riƙe siffar jiki, wanda aka ƙirƙiro a 1966 a wani aiki na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, domin kujerun jiragen sama. Yana laushi da ɗumin jiki, ya rungumi mutum, ya rage dannewar kafaɗa. Amma rungumar nan ita ce matsalarsa a ƙasa mai zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Abuja kan haura digiri 35, ɗakin da ba ya da tabbacin wuta ba wurin wannan soso ba ne. Wanda ya gwada shi a shago mai na'urar sanyaya ɗaki ya tambayi kansa awa nawa yake samun wuta a unguwarsu.

Sai katifar roba, wadda ake yi da ƙaron itacen roba, hanyar da kamfanin Dunlop ya fito da ita a Ingila a ƙarshen shekarun 1920. Tana da juriya da sanyi, amma tana da tsada da nauyi, kuma ba a cika samun ta gaske ba.

Ma'aikaci na da wani abin dubawa da ɗan kasuwa ba shi da shi: canjin wurin aiki. Takarda ɗaya na iya mayar da mutum Fatakwal ko Sakkwato. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa aikinsa na tafiya ne da wa'adin maigidansa. Wanda ke zaune a gidan haya a hawa na uku, mai ƙunƙuntar matattakala, ya auna ƙofa da kwanar bene kafin ya sayi shida-da-bakwai mai sifirin. Shida-da-huɗu-da-rabi ta soso mai kyau ta isa mutum ɗaya har da baƙuncin iyali, kuma tana shiga kowace motar kaya.

A cikin shago

Kama da wane ba ta wane. Jabun katifa a Nijeriya yana da fuskoki da aka sani: a samo soso marar ƙarfi a rufe shi da yadi mai tambarin babban kamfani, ko a manna siririn soso mai kyau a sama da ƙasa, a cusa tarkace a tsakiya, ko a wanke tsohuwar katifa a yi mata sabuwar riga. Tunda ba a farke katifa a shago, kariyar mai saye ita ce inda ya saya. Manyan kamfanoni suna da shagunansu da dilolin da suka amince da su, kuma ana iya tabbatar da dila daga kamfanin kai tsaye. A duba tambarin MANCAP na hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wanda ake bai wa kayan da aka yi a cikin gida suka cika ƙa'ida. A duba lakabin da aka ɗinka a jikin katifar, mai ɗauke da sunan ajinta da girmanta, a tabbatar ya yi daidai da abin da aka rubuta a rasit.

Daga nan sai kwanciya. Mutane da yawa suna jin nauyin miƙewa a kan katifa a gaban jama'a, musamman wanda ya zo da manyan kaya. Kunyar minti goma ba ta kai ciwon shekara takwas ba. A cire takalmi da hula, a kwanta yadda aka saba kwanciya a gida, a yi aƙalla minti goma. A rigingine, a zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugu: idan ya shige babu abin da ya taɓa, katifar ta yi tauri da yawa, idan ya ƙi shiga sam, ta yi laushi da yawa. A juya gefe a ji ko kafaɗa na dannewa. A zauna a bakinta kamar mai sa takalmi, a ga ko gefen zai rushe. Idan ta mutum biyu ce, su biyun su zo. Katifar da mai gida ya zaɓa shi kaɗai, uwargida ce za ta biya rabin kuɗin kuskurensa da bayanta.

A je da tef a auna gado daga ciki kafin a fita, domin kafintoci ba sa bin ma'auni ɗaya. A nemi takardar garanti a rubuce, a karanta shekarunta da sharuɗɗanta, domin yawanci tabo ko yagewar lakabi na soke ta. A ajiye rasit inda ake ajiye takardun aiki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa abin da aka siffanta masa, amma ba tare da rasit ba hujja ta raunana.

Ita kuwa katifar hannu, wadda masu barin gari kan sayar da araha, tana zuwa da haɗarin kuɗin cizo. Ƙwaron nan yana ɓuya a ɗinki da lungunan gado, yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma idan ya shiga gida fitar da shi kan ci kuɗin da ya fi rangwamen da aka samu. Mafi muni, wasu kan yi feshi da maganin ƙwarin gona a ɗakin kwana, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda rayukan da ya ci.

Lissafin dare

Araha ba ta ado. Hanyar da ta fi dacewa a kwatanta farashin katifa ita ce a raba shi da yawan daren da za a yi a kanta. A ɗauka, a misali, akwai ta naira 150,000 da za ta lotsa cikin shekara uku, da ta naira 300,000 da za ta yi shekara takwas. Ta farkon ta kama kusan naira 137 a kowane dare, ta biyun kusan naira 103. Mai tsadar ce ta fi araha, kafin ma a sa kuɗin man zafi da na asibiti.

Matsalar ita ce tara kuɗin a lokaci guda. Tun tsarin mayar da alawus zuwa kuɗi na 2003, gwamnatin tarayya ta janye hannu daga bai wa yawancin ma'aikata gida da kayan ɗaki. Kowa shi ke yi wa kansa. Masu riƙe da muƙaman siyasa suna da alawus na kayan ɗaki da ake biya sau ɗaya a wa'adi, amma ƙaramin ma'aikaci sai dai adashi, ko ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarsu, wadda sau da yawa takan sayo kaya da sari ta riƙa cira daga albashi. A 2024 gwamnati ta kafa hukumar CREDICORP domin bashin sayen kayan amfani, ta kuma fara da ma'aikatan gwamnati. Duk hanyar da aka bi, a tambayi jimillar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe, da ko akwai ruwa a ciki ga wanda ke guje masa, kada kuma wa'adin biyan ya wuce tabbacin da mutum ke da shi na albashinsa. Wannan ya fi shafar hadimai.

Uban da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki shi ma ya yi wannan lissafi. 'Yan ganin ɗaki kauri za su yaba, su tafi. Amarya ce za ta zauna da abin da ke ciki.

Bayan an kai ta gida

A cire ledar da aka naɗo ta da ita. Barin leda a jiki don gudun datti yana tara gumi da zafi, ya jawo wari da fumfuna. Abin da ya dace shi ne rigar katifa mai hana ruwa shiga, wadda ake cirewa a wanke, musamman inda akwai yara. Sabon soso yana da warin sinadari. A bar shi kwana ɗaya ko biyu a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga.

A riƙa juya ta duk bayan wata uku, kai ya koma ƙafa, idan kuma mai fuska biyu ce a kifa ta. A duba katakon gado: idan tazarar da ke tsakanin katako da katako ta wuce inci uku, soso zai riƙa zurmawa ta nan. Mai kwana a ƙasa ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta, ya riƙa jingine ta a bango ta sha iska, musamman da damina. Matashin kai ma abokin aikinta ne: mai kwanciyar gefe yana bukatar wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, mai rigingine kuwa siriri.

Abu biyu sun shafi rai. Soso na cin wuta da sauri, hayaƙinsa kuma mai guba ne. Kyandir, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turare, da wayar da aka bari tana caji a ƙarƙashin matashi, duk su yi nesa da shi. Jariri kuma a kwantar da shi a rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, shafaffiya, babu matashi. Katifa mai laushi ta manya na iya toshe masa numfashi.

Katifa mai kyau takan yi shekara bakwai zuwa goma. Alamar ƙarewarta a bayyane take: kwari a tsakiya da ba ya cikowa, ciwon da ake tashi da shi da safe ya lafa bayan an ɗan motsa, da kuma jin an fi yin barci mai daɗi a masaukin da aka sauka lokacin taron bita fiye da a gida. Ma'aikacin da ya ga waɗannan alamu a ɗakinsa na Mararaba ko Kubwa ya ƙirga: cikin dare 365 na shekara, sama da 250 a nan yake yin su. Idan kuɗin katifa mai kyau ɗaya ne kawai a hannu, wannan ɗakin ne ya fi cancantarta.